Minti Uku a Gaban Kwamiti

Minti uku aka ba kowa. Da fitila ta yi ja, ko kana tsakiyar kuka sai ka tashi.

Darlene Pruitt ta zauna a gaban kwamitin majalisar jiha, ta ajiye hoton 'yarta Tessa a kan tebur. Shekarar yarinyar tara, ciwon gaɓoɓi ya hana ta ko ɗaure igiyar takalmi. Likita ya rubuta allurar da ya san za ta yi mata, kamfanin inshora ya ce ba haka ake yi ba. A fara da magani mai araha wata uku, in ya gaza a gwada na biyu, in shi ma ya gaza sannan a duba. Suna kan na biyun, saura wata biyu.

"Wato sai ta ƙara lalacewa kafin su yarda," in ji Darlene. "Don Allah ku yi dokar nan da za ta hana su wannan tsarin. Na gaji."

Wani ɗan kwamiti ya ɗago daga wayarsa. "Me ya hana ku canza kamfani?"

"Ta wurin aikin mijina muke da inshorar. In ya bar aikin, sabon kamfani matakin farko zai mai da mu."

Fitila ta yi ja.

Aka kira wakilin kamfanin, Russell Hadley, kwat a goge, ido a kumbure. Ya karanta takardarsa tiryan-tiryan: tsarin gwada magani hawa-hawa yana kare aljihun kowa, dokar kuwa za ta tsawwala wa jama'a. Sunan allurar da ya yi ta harɗe harshen shugaban kwamiti, shi sumul ya faɗe shi. Hoton yana nan inda Darlene ta bar shi, dab da hannunsa, bai kalle shi ba ko sau ɗaya.

Matar da ke kusa da Darlene ta ja tsaki. "Ji shi, ko kunya babu. Irin waɗannan ba sa haihuwa ne?"

"Aikinsa yake yi," in ji Darlene.

Kwamiti ya ɗage maganar sai zaman baɗi. Ba wanda ya yi mamaki, baɗi ai ba ta ƙarewa a wurin 'yan majalisa.

Darlene ta bari kowa ya watse, ta taka zuwa can ƙarshen wurin ajiye motoci, ta shiga motarsu gefen mai zaman banza. Ko ƙarfin kuka ba ta da shi. Can sai ƙofar direba ta buɗe, Russell Hadley ya shigo, ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, sannan ta miƙa masa makulli.

"Tuƙa mu, Baban Tessa, an kusa tashinsu daga makaranta."