Ma'aunin Hafizul

Hafizul ya tarar da Mastura, 'yar maigidansa, tana naɗe busasshen kifi a zanensa na farko na jirgin ruwan tsere.

"Mastura, zanena ne fa."

"Na sani, malam mai digiri." Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Shekara arba'in Ayah, mahaifina, yana ƙera jirgi a nan Duyong da ido, ba takarda. Kai wata uku da fara koyo, ka zaro ma'auni ka gyara masa a gaban ma'aikatansa. Yau kuma ka turo neman aurena?"

"Gefen jirgin ne ya ɗan karkace..."

"To, ka auri ma'aunin."

Ta shige gida. Kawun Hafizul, wanda ya aika neman auren, na zaune a ciki gaban mahaifinta tun azahar, har yanzu bai fito da amsa ba.