Tukunyar Iya Tabawa

Da aka kafa dokar cewa ba a yin titi sai na'ura ta leƙa ƙarƙashin ƙasa, Iya Tabawa, wadda titi zai bi ta gidanta, ta binne tukunyarta a tsakar gida, ko a ɗauka ta mutanen da ce, a fasa rushe gidan.

Da na'urar ta yi ƙara a wurin, Balaraba mai binciken ta tono tukunyar, ta shinshina.

"Iya, ashe mutanen da ma da daddawar bana suke miya?"

"To ni na sani, 'yar nan?"

Sai na'urar ta sake yin ƙara. Ƙasan ramin, tsoffin rijiyoyin marina ne har goma.

"Titi zai kauce, Iya!"

Guɗa ta tashi. Maƙwabcinta Ɗanjuma kaɗai ya yi tsit, ganin na'urar ta nufi bayan ɗakinsa, inda ya shekara talatin yana hana kowa takawa.