Sunan Sa da Yunanci

"Wanga sa, ga Yunanawa Tauros a sunanai," in ji Tambari, yana bubbuga tozon bijimi. "Har tauraro sunka raɗa ma sunan."

Haka yake yi kullum a kara, kasuwar shanun Sakkwato. Dillalin shanu ne, fari sol kamar Buzu, karatunsa bai wuce izu biyu ba, amma ya baza cewa ya sha Yunanci a littattafan marigayi babansa, falken Tarabulus. Kunama Sikorbiyos, gaggafa Ayetos, duk suna sama. Har malamai kan matsa masa a buzu.

Babu wani littafi. A wani ɗaki can ƙuryar gidansa akwai wata tsohuwa da babansa ya zo da ita daga Tarabulus, wadda Hausa ta gudu daga bakinta tun rasuwar maigidan. Da magariba sai ta nuna sama tana sambatu. Tambari kan ce wa baƙi mahaukaciyar baiwa ce da ya gada, ya ja ƙyaure. Sambatun nan yake kwashewa ya kai kara.

Ran nan Lawwali mahauci, abokin wasansa, ya jawo wani Banasare likita da tafintansa.

"Ga mai Yunanci na kawo ma, Shehin shanu! Hwaɗi mu ji."

Gumi ya jiƙe rawanin Tambari. Yau asiri zai tonu. Ya rufe ido ya zubo sambatun.

Banasare ya miƙe tsaye. Ta bakin tafinta ya ce duk daidai ne, har mutanen Rum daga nan suka ari nasu Taurus da Sikorfiyo. Sai dai wannan lafazin ba na littafi ba ne, na masu jiragen ruwa ne. Wa ya koya masa?

Ba don ya so ba, Tambari ya kai su gida, rabin kara na biye. Banasare ya yi gaisuwa da Yunanci a bakin ƙyaure. Tsohuwa ta zabura, ta yi ta magana tana hawaye, tana shafa gemun Tambari. Shi kuwa idonsa na ƙasa.

"Mi ta ce?" in ji Lawwali.

Tafinta ya ce, "Wai ta gode Allah, ɗan da ta haifa bai manta sunayen da take lallashinsa da su a goye ba."