Hayaƙin da Aka Yi wa Radiya

Tun ranar da Zuhaira ta ga zanen a kayen 'yarta, wato littafin rubutunta, hankalinta bai sake kwanciya ba. Wani maciji ne mai fukafukai yana aman wuta, ga wata mace da takobi tsaye a gabansa.

Radiya, 'yar shekara goma sha biyar, tana ajin ƙarshe a kwalej ɗin Tanout. Ta zo gida da wani littafin Faransanci mai hotuna, kowane shafi dodanni da mayaƙa. Da la'asar ita da ƙawayenta biyu sukan zauna gindin itacen bedi, kowace ta ɗauki sunan wani daga cikin littafin, suna canza murya. Zuhaira ba ta jin Faransanci. Abin da take gani kawai, 'yarta na magana da muryar namiji tana zare ido.

"Inna, zo in ba ki labarin," in ji Radiya wata rana.

"Rufe shi! Kar ki kusanto ni da wannan abin."

Mai gidan yana Agadas wajen aiki, sai Zuhaira ta kai kukanta ga maƙwabciyarta Dado. Dado ta dubi zanen, ta ja da baya.

"Wannan ai shafar iska ce. Abin da iskokin suke nuna mata take zanawa. In kika yi sanyi, za su tafi da hankalinta."

Washegari suka hau mota zuwa wani ƙauye bayan Ollelewa, wurin wani mai magani. Radiya tana ta kuka a hanya.

"Inna, wallahi tatsuniya ce! Daga wani wasa aka ciro ta. Ki tambayi Mushe Yahaya, malaminmu, shi ya ara mini!"

"Kin ji ko?" Dado ta raɗa. "Su ne ke magana."

Mutumin ya zaunar da yarinyar a wani ɗan ɗaki, ya zuba barkono da wasu saiwoyi a garwashi, ya ja ƙofa. Zuhaira ta san 'yarta na da asma, amma tsoro ya hana ta buɗe baki. Tana tsaye tana jin tari da bugun ƙofa. Can sai bugun ya tsaya.

Ita ta banke ƙofar. Radiya na kwance, leɓunanta sun yi baƙi.

Daga gidan likitan Tanout aka wuce da ita Damagaram. Ta rayu, amma likita ya ce ƙwaƙwalwarta ta daɗe ba iska. Hannun damanta ya mutu, maganarta ta yi nauyi. 'Yan ajinsu suka yi jarrabawa ba ita.

Mushe Yahaya ya zo dubiya. Da ya ji yadda aka yi, sai ya dubi Zuhaira.

"Hajiya, littafin lakwal ne, na makarantarmu. Yara da yawa sun karanta shi. Da kin aiko, da na zo har gida na fassara miki."

Zuhaira ta rufe fuska da gyale. Radiya ta juya kai wajen bango.

Iyaye, ba duk abin da ba mu gane ba ne aikin aljanu. In kuka ga baƙon abu a hannun yaranku, ku zauna ku saurare su, ku tambayi malamansu kafin ku yanke hukunci.