Ramin Yatsa a Ƙafar Jika

Har gobe tsohon yana bugun ƙirji, wai shi ya fara gani, kafin likitocin sansanin 'yan gudun hijira.

A tantin awon yara, ma'aikaciya ta auna damtsen jikarsa.

"Lafiya lau, Baba, ga ta ɓul-ɓul. Na gaba!"

"'Yata, ban yi boko ba, amma na haye yunwa biyu. Haka ƙannena suka kumbura kafin mu binne su."

Masu layi suka fara tsaki. Ya danna babban yatsa a ƙafar yarinyar, ya ɗaga. Ramin ya zauna, ya ƙi cikowa. Ma'aikaciyar ta saki biro, ta ƙwala wa likita kira.

Tsohon ya juyo ga iyayen da ke layi: "To, mai musu ya danna ƙafar ɗansa mu gani!"