Awa Bakwai a Kan Teku

"Yanzu suna tsakiyar teku," in ji Hamdiyya, tana nuna wa mahaifiyarta Hansai ɗan jirgin da ke rarrafe a fuskar waya. "Daga Montreal zuwa Paris awa bakwai ne, Dada. Gobe sai Njamena."

Hansai ba ta ko duba ba. Tana ta bitar yadda za ta gaya wa ɗanta Zakariya cewa tun makon jiya aka binne mahaifinsa. A danginsu ba a faɗa wa na nesa rasuwa ta waya. Sai ya iso gida, an ba shi ruwa, an zaunar da shi.

Shi ya sa ranar da ta kira, abokinsa Buba ya ɗauka, cewa kawai ta yi, "Jikin Malam ya ɗan matsa, ka ce masa ya zo."

Buba ya ce, "Shi ma jikin nasa ya ɗan matsa, Dada. Amma ni da kaina zan rako shi."

Ranar isowarsu ta sa aka naɗe tabarmin zaman makoki, ta cika kofi da ruwan sanyi, ta tsaya a tsakar gida.

Mota ta tsaya. Buba ya shigo shi kaɗai. Ta ƙofar da ya bari a buɗe, ta hango maza suna sauke wani dogon akwati.

Ya karɓi kofin daga hannunta, ya durƙusa, ya miƙa mata.

"Dada, zauna tukuna. Sha ruwa."