Mutumin da Ba Ya Gudu

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, Kawu Bala, ƙanin mahaifiyata mai aiki a masaƙa a Kakuri, ya zo gidanmu na Barnawa da kaset wata Asabar da rana. Fim ne na wani mai rufe fuska da ke bin mutane da wuƙa. Kawu ya ce in na yi kuka, waje zan fita.

Ban yi kuka ba, hannun kujera kawai na ƙanƙame. Muna tsakiyar kallo aka ɗauke wuta. Yayyena suka hau musu, wannan ya ce jinin ne abin tsoro, wancan ya ce wuƙar.

Kawu ya juyo. "Ke fa, auta?"

Na ce, "Ba ya gudu, Kawu. Kowa na gudu, shi kuwa tafiyarsa yake a hankali, kamar ya san zai same su."

Kawu ya dubi yayyena. "Ku jini kuka kalla. Ita ce ta kalli fim."

Yau ina da 'ya'yana, amma duk sanda maganar nan ta faɗo mini, sai na ji na gyara zama.